Yadda Ake Kafa Injin Ban Ruwa Ya Tsotso Ya Kuma Tura Yadda Ya Kamata

Tunda ruwan sama ya ɗauke saƙonni ke shigo mini, kuma kusan duk magana ɗaya ce. Wani ya ce injinsa na ta ihu amma ko ɗigo bai kawo ba. Wani ya ce da safe yana kawowa, rana na take tsaka sai ya saki. Wani matashi mai lambu a bakin kogi wajen Rafin Guza, nan Kaduna, ya ce sabon inji ya saya mai inci uku, wato faɗin bakinsa ke nan, amma ruwan da yake ba shi bai kai na tsohon mai inci biyu na maƙwabcinsa ba, har ya fara zargin jabu aka sayar masa. Da na je na gani, lafiyar injin ƙalau. Can bisa gaɓa ya ɗora shi, ƙarƙashin inuwar mangwaro, ruwa kuwa yana ƙasa da nisa.

Kafin mu shiga matakan, ka riƙe abu ɗaya, don duk sauran a kansa suka rataya. Ka san majajjawar da yara ke korar tsuntsu da ita a gonar gero. Muddin yaro na wulwula ta, igiya na riƙe da dutsen tana jawo shi ciki wajen hannunsa. Da ya saki, dutse ya yi waje a guje. A cikin tukunyar injin, wato ɓangaren da ruwa ke shiga ya fita, akwai farfela mai juyawa kamar sau 3,600 a minti ɗaya, kuma babu igiyar da ke riƙe ruwan. Yana shiga ta tsakiyarta sai fukafukanta su watsa shi waje, bangon tukunya ya tattara shi ya nufa da shi bakin fita. Wannan shi ne turawa. Gurbin da ruwan ya bari a tsakiya kuwa, nauyin iskar da ke danne saman kogi ne ke ingizo wani ruwan ta cikin mesa ya cike shi. Shi muke kira tsotso. Ƙarfin turawa na injin ne, kana iya ƙara shi da totur ko da babban inji. Ƙarfin tsotso na iskar Allah ne, yana da iyaka, kuma kuɗinka ba za su ɗaga wannan iyakar ba.

1. Auna tsayi tun kafin ka taɓa aljihu

Awo biyu za ka yi. Na farko, daga saman ruwa zuwa inda bakin injin zai tsaya. Na biyu, daga injin zuwa wuri mafi tudu a gonar. A miƙe ake awon, sama da ƙasa kamar zurfin rijiya, ba bin gangaren gaɓa ba. Gora doguwa, igiya mai dutse a baki, da siririn tiyon nan da magina ke ɗaukar lebur da shi sun ishe ka.

A bakin teku, kamar Legas, iyakar abin da iska za ta iya ɗaga ruwa a cikin mesa mita 10.3 ne. Kaduna tana bisa tudu da kimanin mita 600, iskarmu ta fi sauƙi, saboda haka namu ya tsaya wajen mita 9.6. Wannan a takarda ke nan. Kamfanoni kan rubuta mita 7 ko 8 a jikin inji, kuma a wannan tsayin abin da zai fito bai fi a kira shi tsiyaya ba. Shawarata, kada tsotsonka ya wuce mita 5. In ka samu 2 ko 3, ka more.

Gargaɗi: awon Disamba ba shi ne na Maris ba. Kogin Kaduna yana ja da baya duk tsawon rani, wurin da ya yi maka daidai lokacin dashen tumatir zai iya yin nisa lokacin da take fure. Mai washbo kuma, wato siririyar rijiyar bututu da ake haƙawa a fadama, ya sani ruwan cikin bututu yana sauka da zarar an fara ja, don haka ya ƙara wani abu a kan awon da ya yi inji na kashe.

2. Zaɓen inji da kayan haɗi

Mutane da yawa sun ɗauka mai inci uku ya fi mai inci biyu ta kowace fuska. Dubi na Honda, wanda yawancin na kasuwa samfurinsa suka kwaikwaya. Mai inci biyu, WB20, yana ba da wajen lita 600 a minti, yana tura ruwa sama har mita 32. Mai inci uku, WB30, yana kai lita 1,100 a minti, amma turawarsa sama ba ta kai mita 30 ba. Ke nan mai gona a fadama shimfiɗaɗɗiya, kusa da ruwa, inci uku ne nasa. Wanda gonarsa ke kan tudu, ko washbo ɗinsa ba ya da yalwar ruwa, inci biyu zai fi yi masa biyayya, ya kuma rage masa shan mai.

Kada lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Ba a samun su biyun a lokaci ɗaya. Lita 1,100 ɗin sai inji na dab da ruwa kuma babu hawa. Iyakar tsayin da aka rubuta kuwa shi ne inda ruwan ke tsayawa cak ya daina fita. Aikinka na kullum a tsakaninsu yake.

Bayan injin, ga abin da za ka tanada:

- mesar tsotso mai tauri, mai zoben roba ko waya a jikinta, faɗinta daidai da bakin injin
- rariyar bakin mesa, in son samu ne mai bawul a ciki
- tiyon turawa, na leda mai naɗewa ko bututun roba
- kilif na ƙarfe, aƙalla biyu a kowace mahaɗa ta ɓangaren tsotso
- robar tsohon tif da aka yanka tsiri-tsiri
- bokiti, sukundireba, sifanar fulogi, baƙin mai, da duro mai lita 200 don gwaji

Wajen kuɗi, injin ne ke cin kaso mafi girma ranar saye, amma fetur ne ke cin ka har ƙarshen rani, musamman tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Saboda haka in kuɗin sun gaza, gara ka sayi inji matsakaici ka haɗa shi da mesa mai kyau, da ka ƙarar da su a kan babban inji ka koma neman mesa ta kwance. Da mita ake sayar da mesar tsotso. Ka je da awonka, ka sayi abin da zai kai ka ruwa da ɗan rara saboda janyewar kogi. Sabbin kaya akwai su a kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, na hannu da gyara kuma kasuwar Panteka, duk a nan Kaduna.

Gargaɗi ga mai sayen na hannu: ka sa a kwance tukunyar a gabanka. In gefen fukafukan farfela ya cinye ya yi kaifi kamar tsohuwar lauje, ko jikinta ya yi ramuka ƙanana, a rage maka kuɗin sabuwa. Ka leƙa ƙarƙashi, tsakanin injin da tukunya. Sawun tsatsa ko ɗigar ruwa a nan yana nufin sil, wato zobban da ke hana ruwa zuba ta bayan farfela, ya tafi.

3. Wurin da inji zai zauna

Kai inji wajen ruwa. Mita ɗaya da ka rage wa tsotso ka mayar wa turawa riba ce tsantsa, ko da tsayin gaba ɗaya bai canza ba. Abin da muka yi wa yaron Rafin Guza ke nan. Muka sare wani ɗan dandali a jikin gaɓa, muka sauko da injin kusan mita uku, muka ƙara masa tiyo a gaba. Da ruwan ya fito sai da ya ja da baya.

Wurin ya zama lebur, ƙasa mai tauri. Shimfiɗa katako ko tsohuwar taya, don girgiza na sa inji nutsewa cikin yashi ya karkace. Inji a karkace baƙin mai ba ya zagaya shi daidai, kuma masu na'urar tsaron mai sukan mutu da kansu ka yi ta neman dalili. Salansa ta kalli fili, nesa da busasshiyar ciyawa da jarkar fetur.

Gargaɗi mai nauyi: masu washbo sukan haƙa rami su sauke inji don rage tsotso. Dabara ce mai kyau, amma hayaƙin injin fetur yana ɗauke da gubar da ba a gani, ba a jin warinta, kuma cikin rami take taruwa. Ramin ya zama mai faɗin baki, marar zurfi. Kada kowa ya sauka ciki inji na aiki ko an kashe shi yanzu-yanzu. Cikin rijiya kuwa, kada ma a fara. Rai ya fi kabeji.

In damina ta kusa, kada ka bar inji ya kwana a gindin gaɓa. Daga tsaunukan Jos kogin nan ya taso, ana iya yin ruwa can sama ya iso maka da dare alhali ko hadari ba ka gani ba.

4. Haɗa mesar tsotso

Nan ne mafi yawan matsaloli suke, don haka zan daɗe a nan.

Ƙarfin da ke kan wannan mesa daga waje yake dannowa ciki. Idan tsotsonka mita 5 ne, kowane wuri mai faɗin tafin hannu a jikin mesar, kusa da inji, yana ɗauke da nauyin da ya kai buhun siminti. Shi ya sa tiyon leda ba ya aiki a nan, nan take zai lanƙwashe ya manne. Tsohuwar mesa da rana ta dafa ma takan yi haka a ɓoye: daga waje lafiya lau, a ciki fatarta ta saɓule ta toshe hanya.

Abu na biyu da ke biyo bayan wannan shi ne ke wahalar da mutane. Huda a tiyon turawa tana tona kanta, ruwa na tsartuwa kowa na gani. Huda a mesar tsotso ba ta zubar da komai. Iska take sha. Ƙofar da ba ta wuce ta allura ba ta isa ta hana inji kamawa, domin iska ta fi ruwa sauƙi fiye da sau 800, farfela ba ta da abin da za ta watsa in iska ce ta cika ta.

Ga yadda nake haɗawa. Na fara duba zoben robar da ke cikin mahaɗar bakin inji. In ya tsage, ya bushe, ko babu shi, a nan aikin ya tsaya sai an samo wani. Sai na jiƙa bakin mesa cikin ruwan zafi ya yi laushi, na tura shi har ƙarshen mahaɗa, na ɗaure kilif biyu, kan sukurorinsu na kallon saɓanin juna. Bayan nan ne robar tif ke hawa, a ja ta sosai, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa. Robar tif ƙari ce a kan kilif. Masu dogara da ita kaɗai su ne masu injin da ke kamawa da sanyin safiya ya saki da azahar, don zafi na sa ta saki jiki.

Mesar ta riƙa hawa daga ruwa zuwa inji ba tare da ta yi doro ba. Duk inda ta ɗaga ta fi bakin inji tsayi sannan ta sauko, iska za ta maƙale a ƙoƙuwar wurin ta rage hanya. Kada nauyinta ya rataya a wuyan inji, tokare ta da buhun yashi. Kada kuma ka rage faɗinta, wato ka sa mesa mai inci biyu a inji mai inci uku. In ragi ya zama dole, a gaba ake yin sa.

Sai rariya. Ta nutse aƙalla santimita 30 ƙarƙashin ruwa, ta kuma ɗaga daga ƙasa kamar haka. In ta yi kusa da sama, za ka ga ruwa na juyawa yana yin ɗan rami kamar mazurari, iska ce ke bi ta nan. In ta kwanta a ƙasa, yashi za ta sha. Yashi ya fi ruwa nauyi fiye da ninki biyu da rabi, don haka farfela ta fi watsa shi da ƙarfi, ya riƙa gurzar fukafukai da bangon tukunya kamar ana goga sanfefa. Rani ɗaya ya isa ya tsufar da sabon inji. Abin da nake yi, na sa rariyar cikin tsohon kwando na aza dutse, ko na ɗaure ta a jikin jarka rufaffiya ta yi iyo, igiya na riƙe da ita daga gaɓa. Ta jarkar ta fi, don tana bin ruwa duk inda ya sauka.

Gargaɗi: kada ka cire rariya wai don ruwa ya ƙaru. Leda ɗaya ko tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da aikin yini.

5. Shimfiɗa tiyon turawa

A nan ƙarfin daga ciki yake bugowa waje, saboda haka tiyon leda ya wadatar. Abokin gabarka shi ne gogayyar ruwa da jikin tiyo, kuma faɗi ne maganinta. Ruwa iri ɗaya, nisa iri ɗaya, asarar ƙarfi a tiyo mai inci biyu ta ninka ta mai inci uku wajen sau bakwai. Mai jan ruwa mita 100 ko fiye da ya sa siririn tiyo don ya fi araha, abin da ya rage a kasuwa zai biya shi a gidan mai.

Miƙe shi sosai, kwana ta zama mai faɗi, ban da lanƙwasa. A kowace kwana ruwa na tura tiyo waje, don haka a kafa turke a bayanta. Bakin fita a ɗaure shi, a sa duwatsu ko buhu inda ruwan ke zuba don kada ya haƙe magudana. In gonar na da tudu, kai ruwa can saman tukuna ya gangaro wa fangalai da kansa.

Gargaɗi: inda tiyo ya ratsa hanya, a binne shi ko a sa katako gefe da gefe. Babur ko amalanke ya taka shi ruwa na gudu, ruwan zai tsaya farat ɗaya ya bugo baya, yana iya fasa tiyon, yana iya tsaga tukunya.

6. Cika tukunya da ruwa

Buɗe murfin saman tukunya ka zuba ruwa mai tsabta har ya tumbatsa, ka mayar da murfi ka ɗaure tam, ka tabbata robarsa na nan. In rariyarka mai bawul ce, cika mesar ma, zai kama nan da nan. Kowace safiya sai ka duba, ko da jiya ka bar shi cike.

Wannan ruwan aiki biyu yake yi. Shi farfela ke watsawa ta kori iskar cikin mesa, shi ne kuma ke sanyaya sil, wato zobba biyu masu santsi da ke gogar juna a bayan farfela suna hana ruwa bin sandar inji. Na koyi darajarsa da tsada. Wata safiya na makara, na aiki ɗan ƙanena ya fara ban ruwa kafin na iso. Da na zo na tarar inji na kuka, tiyo a bushe, shi kuma yana tsaye yana jira.

Na ce, "Ɗana, ka zuba masa ruwa kuwa?"

Ya ce, "Baffa, ai cewa aka yi irin wannan da kansa yake ja."

Na kashe, na taɓa tukunya, zafi kamar an sauke ta daga murhu. Da muka kai wa bakanike ya kwance, ya ɗora mini zoben a tafin hannu. Farin ya tsage gida biyu, robar baƙin ta ƙone ta manne. Ya ce, "Malam, minti nawa ya yi a haka?" Ban sani ba, yaron ma bai sani ba. Laifina ne, ban taɓa tsayawa na nuna masa dalili ba, umarni kawai nake ba shi. Kuɗin sil ba su da yawa, amma kwana biyu barkono bai sha ruwa ba a tsakiyar Maris, kuma furen da ya zubar bai dawo ba. Maganar "da kansa yake ja" gaskiya ce rabi: yana korar iskar mesa da kansa, amma sai tukunyarsa na cike.

7. Tayarwa da daidaita totur

Duba baƙin mai tukuna, inji a lebur, man ya kawo bakin ramin. Buɗe fetur, ja cok in injin ya yi sanyi, kunna makunni, ɗaga totur kaɗan. Ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri, sannan ka fizga. Ya tashi, mayar da cok, ba shi ɗan lokaci ya ɗumama, sai ka kai totur sama don ya kama ruwa. A tsotson mita 5 yakan ɗauki minti biyu zuwa uku. Za ka ji muryarsa ta yi nauyi, tiyo ya kumbura ya miƙe.

Gargaɗi: in minti biyar ta wuce bai kawo ba, kashe. Kada ka buɗe murfin tukunya nan take. Ruwan da farfela ta yi ta juyawa a wuri ɗaya yana iya yin zafin da zai ƙona fuska. Bari ya huce.

Bayan ya kama, sai maganar totur, kuma a nan akwai kuɗi. Ka koma ga majajjawa: in ka ninka saurin wulwulawa, jan da igiya ke yi wa hannunka sau huɗu yake ƙaruwa. Haka farfela take. Ka rage gudunta da rabi, yawan ruwa ya ragu da rabi, tsayin da za ta iya turawa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin da take nema wurin inji kuma ya koma wajen kashi ɗaya cikin takwas. Ma'ana, mai gona a fadama da ba ta da hawa zai iya sassauta totur kaɗan ya sami sauƙin mai sosai, ruwan bai ragu da yawa ba. Mai tura ruwa kan tudu kuwa in ya sassauta, ruwan na iya tsayawa a rabin hanya inji na ta cin mai a banza. Sauke shi sannu-sannu kana kallon bakin fita, inda ka ga ruwan ya fara karaya sai ka ɗan mayar.

8. Gwajin duro da lissafin mai

Kada ka yarda da ido. Kai duro mai lita 200 can ƙarshen tiyo, inda ruwan ke zuba a gona, ka duba agogon waya. Ya cika a daƙiƙa 20, kana samun lita 600 a minti. A daƙiƙa 40, lita 300. Rubuta ka ajiye. Duk sauyin da ka yi, ko sauko da inji, ko canza tiyo, ko taɓa totur, ka sake gwadawa.

Ga misali da za ka sa naka alƙaluman a ciki. Fili mai mita 50 tsawo da 50 faɗi, kwatan hekta ke nan. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kansa lita 2,500 ne. A ce kayan lambunka na shan milimita 6 a yini lokacin zafi, kana ban ruwa duk kwana uku: lita 45,000. Ƙara abin da magudana ke sha da wanda ke tsiyayewa ƙasa, a ce 70,000. Injin da ke ba da lita 700 a minti zai gama a minti 100. Irin injin da ke kan mai inci uku yana shan wajen lita 1.4 na fetur a awa in an buɗe masa wuta, wato lita biyu da 'yan kai. Wannan injin dai, in an kafa shi can bisa gaɓa da siririn tiyo yana ba da 350, sai ya yi minti 200, man ya ninka. Ka ninka bambancin da kuɗin lita a yau, ka sake ninkawa da yawan ban ruwan da za ka yi kafin girbi. Abin da ya fito, ka gwada shi da kuɗin tiyo mai faɗi.

Waɗanda suka mayar da injinsu na gas, lissafin ɗaya ne, kilo ne kawai zai maye gurbin lita. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye, a inuwa, nesa da salansa.

9. In ya ƙi, ta ina za a fara

Kafin ka ɗauki inji zuwa Panteka, raba laifin tsakaninsa da mesa. Cire mesar tsotso, cika tukunya, tayar da shi, ka kara gindin tsohon silifas a bakin shiga na 'yan daƙiƙu. Kada ka sa tafin hannunka. In ya cafke silifas ɗin har sai ka yi da gaske kafin ka ɓamɓare, injin lafiya yake, koma kan mesa da mahaɗa da rariya. In riƙon sakwa-sakwa ne, sai a duba robar murfi, ɗan bawul ɗin roba da ke bakin shiga, sil, da farfela.

Neman huda a mesa: toshe bakin ƙasa, ɗaga ɗayan, cika ta da ruwa, ka bi jikinta da ido. Abin da ke shan iska lokacin aiki yanzu zai yi gumi.

Ka kuma saurara. Ruwa na fita yana tari, yana yankewa, iska ce ke shiga. Ƙara kamar an zuba tsakuwa cikin tukunya alhali ruwan tas yake, alamar tsotso ya yi wa injin yawa ne, ko rariya ta toshe. Matsin da ke tsakiyar farfela ya faɗi ƙwarai har ruwan na yin kumfar tururi ba tare da wuta ba, kumfar na fashewa a jikin ƙarfe tana ƙwaƙule shi. Ramukan da na ce ka duba a farfelar na hannu, aikinta ne. Rage totur nan take, share rariya, sauko da inji. Ƙara wuta a wannan hali ƙara ɓarna ne. In kuwa inji ya yi sauƙin murya yana gudu fiye da kullum, ya saki ruwa ke nan, kashe shi kafin sil ya ƙone.

10. Kashewa da kula

Sauke totur ƙasa, ba shi kamar minti ɗaya, kashe, rufe fetur. Ba a ƙara mai inji na aiki ko salansa na da zafi. In ruwan ranar mai laka ne, buɗe murfin ƙasa ka zubar, ka ɗauraye tukunya.

Sabon inji a juye masa baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Ɗan kaɗan yake ci, wajen lita 0.6, kuma 10W-30 kamfanin ya ce a sa. Mai ban ruwa awa huɗu kullum, awa 100 kwana 25 ce kacal, ba "sai ya yi baƙi" ba. Lokacin hunturu soson iyakilina, wato mai tace iskar da inji ke shaƙa, na cika da ƙura cikin 'yan kwanaki, a wanke shi da ruwan sabulu, ya bushe sarai, a ɗiga masa mai kaɗan a matse. Tazarar bakin fulogi milimita 0.7 zuwa 0.8.

In damina ta sauka za ka ajiye shi, zubar da ruwan tukunya, tsiyaye fetur daga tanki da kafireto, don wanda ya kwana watanni yakan zama danƙo ya toshe hanya. Cire fulogi ka ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin, ja igiya sau biyu ko uku, mayar da fulogi, sake ja a hankali har ta yi tauri ka bar ta a nan. Toshe bakin shiga da na fita da tsumma saboda ɓera da zanzaro. Mesar tsotso kuma a naɗe ta da faɗi a rataye a ɗaki, kada a bar ta kan rufin kwano rana na dukanta har Nuwamba.